Abin da Ludayi Ya Sani da Abin da Bai Sani Ba

Duk mai nazarin Hausa da ya tsaya a kan kalmomin da ake siffanta abu mai ruwa da su zai tarar harshen ya yi musu tanadi mai yawa. Akwai kauri, wanda ake faɗa wa kunu ko miya idan sun haɗa jikinsu. Akwai yauƙi, halin kuɓewa da lalo da karkashi, inda miya ke bin loma kamar zare. Akwai danƙo, irin na ƙaro da zuma da narkakken sukari, mai kama yatsa ya ƙi saki. Idan kunu ya rasa kaurin da yake da shi, a ce ya tsinke. Idan tun farko bai samu ba, a ce ya yi ruwa-ruwa, ko a ce tsululu ne. Idan kuwa ya wuce misali, a ce ya yi kauri kirtib. Masana kimiyya sun tattara mafi yawan waɗannan a ƙarƙashin awo guda, wato gwargwadon yadda abu mai ruwa yake ƙin gudu.

Ruwa yana da wani hali na biyu da kimiyya ke aunawa kafaɗa da kafaɗa da na farko, shi ne gwargwadon yadda yake barin wutar lantarki ta ratsa shi. Wannan kam Hausa ba ta gaji kalmarsa daga kakanni ba, kuma dalilin a bayyane yake. Kauri ido na ganinsa, hannu na jinsa. Shi kuwa na biyun ba ya da launi, ba ya da nauyi a ludayi. Kofi biyu na ruwa na iya zama garai-garai iri ɗaya, alhali ɗayan ya fi ɗayan ɗaukar lantarki sau dubbai. Tazarar da ke tsakanin halin da ake gani da wanda ba a gani ta taɓa zama maganar rai da mutuwa a wani gida a Nima.

Nima da maƙwabciyarta Mamobi suna cikin manyan zangunan babban birnin Gana, wanda Hausawan dauri ke kira Ankara, taswira kuma ke rubuta shi Accra. Mutanensu sun fito daga arewacin Gana, da Nijeriya, da Nijar, da Mali, da Burkina Faso, da Togo, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci. Hausar tasu tana da nata salo. Sau da yawa ba ta rarrabe jinsin namiji da tamace kamar yadda ta Kano ke yi. Daga zangunan nan ne sunayen abinci da dama suka shiga bakin dukan birnin. Koko da ƙosai, da tuwon zafi, da shinkafa da wake wadda aka taƙaita sunanta ta koma wace, duk an san su har a unguwannin da ba a jin Hausa.

A wani lungu na Nima akwai wata dattijuwa da ta shafe shekaru tana sayar da koko. Tun da yamma take jiƙa gero, ta kai a niƙa shi da citta da kanumfari da barkono, ta tace, ta bar shi ya kwana ya yi tsami. Da asuba sai ta tsiyaye ruwan da ya taso sama ta tafasa shi, ta riƙa zuba gasarar da ta kwanta a ƙasa tana damawa. Ba ta taɓa auna komai da sikeli ba. Idan ta ɗaga ludayi ta karkata shi, yadda kokon ya sauka shi ke gaya mata ko ya isa. Ta san na ma'aikacin da zai sha a tsaye ya ruga ya kama mota, ta san na tsohon da zai zauna a benci ya sha a hankali, ta kuma san cewa abin da ya yi daidai da zafinsa zai yi kauri idan ya huce, don haka takan bar masa sarari.

Autarta ta sami shiga Jami'ar Gana da ke Legon, tana karatun kimiyyar sinadarai. Wata rana uwar ta tambaye ta abin da suke yi a can har magariba. Yarinyar ta kwatanta mata wani bututun gilashi mai lanƙwasa, mai siririyar hanya a cikinsa, wanda ake tsoma shi a ruwan da ɗuminsa ba ya canzawa. A zuba abin da za a auna, a ja shi sama, a sake shi, a riƙe agogo a ƙidaya daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya sauko daga wannan zane zuwa wancan. Uwar ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ashe ludayi ne na gilashi. Shi ne aka biya miki kuɗin makaranta a kansa?"

Maganarta tana kan hanya. Abin da bututun ya ƙara a kan ludayi shi ne lamba. Idan aka ɗauki kaurin tsabtataccen ruwa mai ɗumin digiri 20 a matsayin 1, to a digiri 40 yakan sauka zuwa kusan 0.65, dab da tafasa kuwa bai kai sulusi ba. Zuma ta ninka ruwa sau dubbai. Mai koko ta san zafi na sassauta kauri tun kafin a haifi 'yarta, sai dai ba za ta iya aika wannan sanin a wasiƙa zuwa Kumasi ko Kano wani ya maimaita shi daidai ba. Lamba ita ce ke tafiya ba tare da hannun mai ita ba.

Sai kuma inda ludayi ba ya kaiwa. Idan aka narkar da ɗan gishiri a ruwa, kaurin yana canzawa, amma da ƙanƙantar da yatsa ba zai ji ba. A shekarar 1929 wasu masana biyu a Amurka, Grinnell Jones da Malcolm Dole, suka tsara lissafin da ke bayyana wannan canji, kuma har yau da shi ake aiki. Abin da aka gano shi ne ba duk gishiri ne halinsu ɗaya ba. Sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, yana jawo ƙwayoyin ruwa ya tara su a jikinsa, sai ruwan ya ɗan ƙara nauyin tafiya. Magnesiyam ya fi shi riƙo nesa ba kusa ba. Fotasiyam kuwa riƙonsa sako-sako ne, har gishirinsa kan bar ruwa yadda ya same shi, wani lokaci ma ya ɗan rage masa kauri.

Bitamin ma haka. Kashi biyu ne: masu narkewa a mai, wato A da D da E da K, da masu narkewa a ruwa, wato C da dangin B. Ƙwayar bitamin C tana da sassan da ke kama ruwa, saboda haka takan ɗan ƙara masa kauri. To, idan ga bitamin ga gishiri a kofi ɗaya, ruwan ya zama abin rabo tsakaninsu. Kowa na ja. Masu bincike kan auna kaurin ruwan bitamin shi kaɗai, su ƙara gishiri kaɗan-kaɗan suna sake awo, su canza ɗumi su sake, don su gane wane ne ya ƙwace wa wani ruwa. Ba aikin banza ba ne, domin bitamin ba ya taɓa tafiya cikin zallar ruwa a jikin mutum. Ruwan jini mai gishiri ne. Shi ya sa ruwan da aka fi ƙara wa marar lafiya a asibiti yake da gishiri giram 9 a kowace lita. Mai haɗa maganin sha na yara ko na allura dole ya san yadda abin zai gudana a cokali da bakin allura, da yadda zai zauna a kwalba watanni bai lalace ba.

Awo na biyu da yarinyar ke yi ya fi wuyar kwatantawa ga uwarta. Ana tsoma wasu 'yan faifai biyu na ƙarfe a ruwa, a saki ɗan lantarki, a ga nawa ne ya ƙetare. Tsabtataccen ruwa na haƙiƙa da ƙyar yake barin komai ya wuce. Zuba sukari ba ya canza wannan, domin ƙwayar sukari tana narkewa ne a dunƙule. Gishiri kuwa da ya shiga ruwa sai ya rabe gida biyu, kowane ɓangare ɗauke da caji, kuma waɗannan ɓangarori su ne 'yan dakon lantarkin. Bajamushe Friedrich Kohlrausch ya daidaita hanyar wannan awo a shekarun 1870, sannan Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin ya kawo bayanin rabewar, wanda ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1903. Bitamin C tsami ne marar ƙarfi, kaɗan daga cikinsa ne ke rabewa, don haka lantarkin da yake ɗauka kaɗan ne. Bitamin B1 da ake sa wa a magunguna shi kansa gishiri ne, yana ɗauka sosai.

Halayen biyu a ɗaure suke da juna, kuma Paul Walden ya nuna haka a 1906: gwargwadon ƙaruwar kauri, gwargwadon raguwar saurin 'yan dakon. Wanda ya taɓa bin babban titin Nima da sassafe, ya kuma sake binsa da rana tsaka sa'ad da kasuwa ta cika ta batse, ya san ma'anar wannan. Ƙafar mai dakon ba ta canza ba, cunkoson hanya ne ya rage masa sauri. Saboda haka ne ake auna su tare. Ɗaya yana faɗin yawan matafiya da saurinsu, ɗayan yana faɗin halin hanyar.

A madafin uwar akwai wani gishirin da ya girmi duk waɗannan sunaye, wato kanwa. Fatake sun yi ƙarnoni suna ɗauko ta daga yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga, su bi da ita ta Kano har zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. A kan wannan hanya ce zanguna da yawa suka kafu. Har yau ba a rasa kanwa a kasuwar Nima. Ita ke sa wake ya nuna da wuri, ita ke fito da jan launin karan dafi a cikin wace, ita ke tsayar da yauƙin miyar ayoyo da kuɓewa ta kuma bar ganye kore shar. Duk abin da ido ke so kanwa na bayarwa. Amma kanwa kishiyar tsami ce, kuma bitamin C da B1 ba sa jure mata, balle ga zafin wuta. Miyar da ta fi kyaun gani da yauƙi tana iya zama wadda ta fi asarar waɗannan bitamin. Ba a ce a jefar da kanwa ba. An ce dai a rage hannu, kada kuma ganye ya daɗe a wuta.

Haka kauri kan ruɗi uwa wajen yaye. Jariri ba ya iya haɗiye koko mai kauri, sai a tsinka masa da ruwa. Cikinsa ƙarami ne, ya cika da ruwa, abincin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A birnin nan ne, a asibitin yara na Princess Marie Louise, likita Cicely Williams ta bayyana wata cutar tamowa a 1933 tsakanin yaran da aka yaye a kan kunun masara, daga baya kuma ta kira ta da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, kwashiyoko. Masana abinci sun nuna cewa ɗan garin tsiron hatsi, idan aka barbaɗa a kunu mai kauri da ɗuminsa, yakan tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba. Jariri ya sha mai laushi, amma mai ƙarfi.

Uwar takan saurari irin waɗannan bayanai da rabin kunne, har daminar 2014. A shekarar ce kwalara ta ɓarke a Gana, ta kama mutum fiye da 28,000, ta kashe fiye da 240, kuma mafi yawan waɗanda ta kama a yankin Ankara suke. Unguwannin da gidaje ke manne da juna, ake rabon makewayi, babban kwalbati kuma ke tumbatsa idan sama ta zubo, su suka fi zama cikin fargaba. Wani dare jikan dattijuwar, ɗan shekara biyu, ya fara gudawa babu ƙaƙƙautawa. Kafin tsakar dare ya yi laushi. Babu ƙunshin ORS a gidan, kantin magani ya rufe, kuma an aika a nemo mota.

Kakar ta ɗauko kwano ta zuba ruwa, ta kai hannu tulun sukari ta dumbuzo, ta kai ga gishiri ta dumbuzo, kamar yadda ta saba da tukunya. Autar ta riƙe mata hannu.

"Mma, a tsaya a auna."

"Ke yarinya, shekara nawa ina ciyar da unguwar nan? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Ya san kimar koko, Mma. Wannan ba ya nunawa a ido."

Ta ɗauko ledar ruwan sha guda biyu, irin wadda ake sayarwa a kowane lungu, kowace rabin lita. Ta juye su a kwano mai tsabta, ta sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ta ɗanɗana, ta miƙa wa uwar ta ce kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Aka riƙa ba yaron da cokali, kaɗan-kaɗan, a gida da cikin mota, har suka isa asibiti. Ya kwana biyu a can, aka sallamo shi da ƙunshin ORS da ƙwayoyin zink na kwana goma zuwa sha huɗu.

Dalilin riƙe hannun nan yana da tushe. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana da wata ƙofa wadda sukarin gulukos da sodiyam ke shiga tare, ruwa kuma ya bi bayansu. Kwalara na sa hanji ya yi ta zubar da ruwa, amma ba ta rufe wannan ƙofa. Shi kansa bitamin C ta wata ƙofa mai kama da ita yake shiga, da rakiyar sodiyam. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan ƙari a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, sai ya koma ba mutane ruwan gishiri da sukari ta baki. Mace-macen suka sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Amma ƙofar tana son ma'auni. Sukari idan ya yi yawa, sai ya jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawa ta ƙaru. Gishiri idan ya yi yawa, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Ko haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka daɗe suna rabawa, an rage masa ƙarfi a 2002. Lita ɗaya ta sabon haɗin tana da gishiri giram 2.6, gulukos 13.5, gishirin fotasiyam 1.5, da wani gishirin na dangin tsamin lemo 2.9. Duka-duka giram 20 da ɗoriya ke nan a lita guda. Ruwan da aka ninka wa gishiri sau uku zai zubo daga cokali kamar mai kyaun, ba bambanci. Faifan ƙarfe biyun nan kuwa za su tona shi nan take.

Wannan ba ya nufin hannu ya tashi aiki. Tun daga 1980 ƙungiyar BRAC a Bangaladash ta tura mata gida-gida, suka koya wa iyaye mata a gidaje fiye da miliyan 12 yadda za su haɗa ruwan da abin da ke madafinsu: gishiri tsunkun yatsu uku, mazarƙwailar ƙasar cikin tafi ɗaya, ruwa rabin lita. Sai dai ba a bar abin ga hannu kaɗai ba. Ana bin bayan masu koyarwar, a sa uwa ta haɗa, a ɗauki samfuri a kai ɗakin gwaji a auna gishirinsa, kuma ladan mai koyarwa ya danganta da yadda ɗalibanta suka iya. Awo ya koya wa yatsu, yatsu kuma suka kai ilimin inda na'ura ba ta zuwa. Dattijuwar Nima ita ma haka ta yi. Ba ta daina dama koko da ido ba, kuma babu mai cewa ta daina. Amma ta ware wani ƙaramin cokali ta rataye shi a ƙusa, ba a shan shayi da shi, kuma matan lungun sun san inda yake. Sun kuma san cewa idan idon yaro ya zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya kasa sha, to maganar ta wuce cokali, sai asibiti.

Ga ɗalibin Hausa, a nan akwai aiki. Kauri da yauƙi da danƙo sun isa su ɗauki nauyin darasin kimiyya, kuma sun fi kalmar aro guda ɗaya rarrabewa, tunda mai miya ta san kuɓewa da zuma ba hali ɗaya gare su ba. Ga hali na biyu kuwa, har yanzu ana kewaye ne: a ce ɗaukar lantarki, ko ratsawar lantarki, ko isar da lantarki. Kowace tana da rauninta. Ɗauka tana nuna kamar ruwan na ajiye abin ne a jikinsa, ratsawa ta mai da ruwan ɗan kallo, isarwa ce ta fi kusa da aikin ɗan dako. Wadda za ta zauna ita ce wadda malamin aji da ma'aikaciyar jinya da mai gyaran waya a Mamobi za su iya faɗa wa mai koko ta gane ba tare da an sake maimaitawa ba.